Lai'atu da Rahila: Gidan da Kowace Ke Riƙe da Abin da 'Yar'uwarta Ke Nema

Wa'azin da aka saba yi a kan Lai'atu a Farawa 29:35 yake ƙarewa. Matar da mijinta Yakubu ba ya so ta haifi ɗa na huɗu, ta ce wannan karon Ubangiji za ta yaba, ta raɗa masa suna Yahuza. Mai wa'azi ya rufe Littafi, ya ce ga maganin hassada nan, a tashi a yi addu'a. Ayar tana da daɗi, kuma a nan sura ta ƙare, shi ya sa tsayawa a wurin bai da wuya. Sai dai ba marubucin Farawa ne ya yanka labarin sura-sura ba. An yi wannan aikin ne a farkon ƙarni na 13, ana kuma jingina shi ga Stephen Langton, wanda ya zama babban bishop na Kantabiri a Ingila. Shi mai labarin bai ajiye alƙalami a nan ba. Jimlar da ke biye cewa ta yi Rahila, ƙanwar Lai'atu kuma kishiyarta, ta yi kishin yayarta, kuma kafin a raba sura ta 30 biyu, ita Lai'atun da ta yi yabo ta sake faɗawa gasar tsundum.

Wanda ya ƙulla rikicin

Abin ya faru ne a Haran, garin da kufansa yake kudu maso gabashin Turkiyya a yau, dab da iyakar Siriya. Yakubu ya iso can a guje, don wansa Isuwa ya yi alwashin kashe shi a kan albarkar da ya karɓe da yaudara. A bakin rijiya ya fara ganin Rahila, 'yar kawunsa Laban, ta koro tumakin babanta. Bayan wata guda a gidan, Laban ya ce ya faɗi ladan aikinsa. Yakubu ba shi da sisi, sai ya sa ƙarfinsa a madadin sadaki: shekara 7 na kiwo domin Rahila. Littafi ya ce shekarun sun zame masa kamar 'yan kwanaki saboda son da yake mata.

Daren biki Laban ya kai masa Lai'atu. Sai da gari ya waye ya gane. Uzurin Laban gajere ne: a ƙasarsu ba a aurar da ƙanwa a bar ya. Ya ce Yakubu ya cika wa Lai'atu makon amarcinta, sannan a ba shi Rahila, ya ƙara wasu shekara 7. Haka aka yi. Ke nan kwana bakwai rak Lai'atu ta yi ita kaɗai a gidan miji, kwana bakwai da mutumin da ke ƙirga ranakun zuwan wata.

Babu inda aka ce an nemi shawarar ɗaya daga cikinsu. Shekaru bayan haka, da Yakubu ya kira su saura yana shawarar barin Haran, sun amsa da baki ɗaya, abin da ba mu ji sun taɓa yi ba a wani wuri: babansu ya sayar da su, ya cinye kuɗin, yana kallonsu kamar baƙi (31:14-15). Duk mai son ya yi wa matan nan adalci, daga nan zai fara. Kwaɗayin uba ne ya haɗa su gida ɗaya, fifikon miji ya raba su. Hatta ayar da ta gabatar da su ma ma'auni ce: aka ambaci idanun Lai'atu kawai, aka ce Rahila kyakkyawa ce, sura da fuska. Tun suna gidan ubansu ake jera su ana aunawa.

Abin da Lai'atu ta faɗa ranar suna

Littafi bai ba mu addu'o'in Lai'atu ba, bai kuma kai mu ɗakinta da dare ba. Abin da ya ba mu shi ne maganar da take yi duk sa'ad da za ta raɗa wa ɗa suna, kuma ya ishe mu karanta zuciyarta.

Ubangiji ya ga ba a sonta, ya buɗe mahaifarta. Da ta haifi Ra'ubainu ta ce Ubangiji ya dubi wahalarta, yanzu kam mijinta zai so ta. Da ta haifi Saminu ta ce Ubangiji ya ji ba a sonta, ya ƙara mata wannan. Da ta haifi Lawi ta ce yanzu mijinta zai shaƙu da ita, tunda ta haifa masa 'ya'ya maza uku.

Lai'atu ba marar bangaskiya ba ce. Sunan Ubangiji yana bakinta tun haihuwar fari, ta san daga inda kyautar ta fito. Matsalar tana cikin abin da take yi da kyautar bayan ta karɓa. Kowane jariri da aka ɗora mata a cinya, hankalinta yana kan ƙofa, ko wannan zai shigo da Yakubu. Allah ya ba ta ɗa, ita kuwa ta karɓi abin sayen zuciyar miji. Wannan ita ce ɓarnar da kwatanta kai da wani take yi, kuma ta fi wadda muka saba ambata zurfi. Mun saba cewa mai hassada ba ya ganin abin da yake da shi. Lai'atu tana gani sarai, har tana ƙirgawa, ɗaya, biyu, uku. Abin da ya gagare ta shi ne ta ji daɗin abin don kansa, ba don nawa zai rage mata tazarar da ke tsakaninta da ƙanwarta ba.

A na huɗun ne Yakubu ya fita daga jimlar. Babu "mijina", babu "ba a sona". Yabo kawai. Kuma babu abin da ya sauya a gidan. Yakubu bai tuba ba, Rahila ba ta tsufa dare ɗaya ba, Laban yana nan da halinsa. Matar ce ta ɗauke ido daga inda ta kafa shi shekaru, ta mai da shi wajen Wanda ya ga wahalarta tun farko. Masu wa'azi ba su yi kuskure da suke tsayawa a ayar suna jinjina ta ba. Wadar zuci ta gaskiya ce, irin wadda Bulus ya kwatanta wa Filibiyawa yana tsare, cewa ya san zaman rashi, ya san zaman samu.

Ɗaya ɗakin

Lai'atu za ta iya rantsuwa cewa a ɗakin Rahila babu abin kuka. Ga kyau, ga miji a tafin hannu. Amma can ma wuta ke ci. Rahila ta ga 'ya'ya huɗu suna wasa a tsakar gida babu nata ko ɗaya, ta tare Yakubu ta ce ya ba ta 'ya'ya, in ba haka ba mutuwa za ta yi. Ya fusata, ya ce shi Allah ne da ya hana ta haihuwa? Tauhidinsa daidai ne, amma amsar ta miji marar tausayi ce. Ubansa Ishaku ya shekara 20 da Rifkatu ba haihuwa, kuma an rubuta cewa roƙon Ubangiji ya yi dominta. Game da Yakubu ba a rubuta haka ba.

Ba na so a yi wa Rahila saurin hukunci. Rashin haihuwa ciwo ne na gaske, a zamaninta da namu, kuma macen da ke kukansa ba zunubi take yi ba. Hannatu, mahaifiyar annabi Sama'ila, ta yi irin kukan, ita ma da kishiya mai tsokana, ta kai shi Shilo ta zube a gaban Ubangiji. Inda Rahila ta kauce ya bayyana ne daga baya. Ta ba Yakubu baiwarta Bilha, al'adar da aka sani a yankin, har dokokin Hammurabi na Babila sun yi magana a kanta, kuma Saratu ta riga ta gwada ta da Hajaratu, kowa ya san yadda aka kwashe. Bilha ta haifi Dan, sannan Naftali. A sunan Naftali Rahila ta ce ta yi babbar kokawa da yayarta, ta kuwa yi nasara. Ba ta ce ta sami ɗan da za ta goya ba. Kokawa ta ambata. Marmarin ɗa ya riga ya rikiɗe ya zama marmarin kayar da wata.

Komawar Lai'atu

Nan ne wa'azin da ya tsaya a Yahuza yake barinmu a hanya. Lai'atu ta ga haihuwa ta tsaya mata, ta kuma ga Rahila ta sami biyu ta hannun baiwa. Tana da huɗu na cikinta, babu abin da ya kore ta. Duk da haka ta ɗauki tata baiwar, Zilfa, ta miƙa wa Yakubu. Aka haifi Gad, ta ce sa'a ta zo. Aka haifi Ashiru, ta ce ta yi farin ciki, gama mata za su kira ta mai albarka. A cikin waɗannan biyun sunan Ubangiji bai fito ba sam. Da farko don miji take ƙirgawa, sau ɗaya ta yi don Allah, yanzu kuwa don bakin matan gari.

Sai zancen manta'uwa. Lokacin girbin alkama Ra'ubainu ya tsinto ta a saura ya kawo wa uwarsa. Tsiro ne da mutanen yankin suka ɗauka yana kawo haihuwa, don haka Rahila ta roƙa. Amsar Lai'atu ta fito da abin da ta daɗe tana haɗiyewa: bai ishe ki ba kin ƙwace mini miji, sai kin haɗa da manta'uwar ɗana? Rahila ta ce to, ya kwana ɗakinki yau, ki ba ni. Wanda ya tashi a gidan da ake rabon kwana ba ya bukatar a fassara masa wannan ciniki. Ya nuna kwanan Lai'atu ya riga ya suɓuce, har sai ta saya daga hannun ƙanwarta. Da yamma ta tarye Yakubu a hanya yana dawowa daga saura, ta ce ɗakinta zai shiga, ta yi ijararsa. Bai ce uffan ba. Mutumin da ya yarda ya yi shekara 14 yana bauta don mace, ga shi ana cinikinsa da saiwar daji.

Abin da ya biyo baya ya kunyata dabarar duka. Wadda ta ba da maganin ita ta yi ciki. Wadda ta karɓa ta ci gaba da jira, har Lai'atu ta haifi Issaka, ta haifi Zabaluna, aka kuma ambaci haihuwar Dinatu, kafin Allah ya tuna da Rahila. A sunan Issaka Lai'atu ta ce Allah ya biya ta lada don ta ba mijinta baiwarta. A ganina a nan ta yi wa Allah fassarar da bai yi wa kansa ba. Littafi cewa ya yi Allah ya ji roƙonta, bai ce ya yaba da zancen Zilfa ba. Wanda ke cikin gasa, duk nasarar da ya samu sai ya ɗauke ta shaidar cewa Allah yana bayansa a faɗan. A sunan Zabaluna kuwa ta koma maganar da ta yi ranar Lawi, kusan kalma da kalma: yanzu mijina zai girmama ni, na haifa masa shida.

Rahila ma da ta haifi Yusufu ta ce Allah ya ɗauke mata abin kunya, nan take ta ƙara da cewa Ubangiji ya ƙara mata wani. Ana iya karanta wannan a matsayin bangaskiya, ana iya karanta shi a matsayin zuciyar da tuni ta wuce kyautar yau tana hangen ta gobe, kuma ina jin duka biyun suna ciki. Wajen haihuwar wancan ɗan da ta roƙa ta rasu, a hanyar Efrata, wato Baitalami. Ta sa masa Ben-oni, ɗan baƙin cikina, ubansa ya mai da shi Biliyaminu. Littafi bai ce mutuwarta hukunci ba ne, bai kamata wani ya hau bagade ya ce haka ba.

Gadon da aka bar wa yara

Iyaye mata sun yi gasar, yara suka gaje ta. Ranar da Yakubu ya hango Isuwa tafe da mutum 400, ya jera iyalinsa: bayi da 'ya'yansu a gaba, Lai'atu da nata a tsakiya, Rahila da Yusufu can baya inda ya fi nisa da takobi. Yaran suna da ido. Kowane ya ga matsayinsa a zuciyar ubansa ran nan. Don haka rigar da aka ɗinka wa Yusufu daga baya ba ita ta haifi ƙiyayyar ba, ta tarar da ita. Yana ɗan shekara 17 'yan'uwansa suka sayar da shi azurfa 20, kuma wanda ya kawo shawarar sayarwar shi ne Yahuza, ɗan yabon.

Shi wannan Yahuza ne, bayan fiye da shekara 20, ya tsaya a Masar gaban mai mulkin da bai gane ba, wato Yusufu, yana roƙo a riƙe shi bawa a saki Biliyaminu. A cikin roƙon ya maimaita maganar ubansa cewa matarsa ta haifa masa 'ya'ya biyu, kamar dai Lai'atu da nata ba sa cikin lissafi. Ya faɗe ta bai yi gardama ba. Ya karɓi cewa ubansa ya fi son ɗan Rahila, ya kuma miƙa kansa domin yaron. A duk labarin gidan, nan ne na ga an karya gasar da gaske, kuma ɗan matar da ba a so ne ya karya ta.

Daga Lawi aka sami Musa da Haruna da firistoci, daga Yahuza aka sami Dawuda, aka sami Yesu. Lai'atu ba ta ga ko ɗaya ba. Abin da ta ƙare rayuwarta tana nema, Littafi bai ce ta samu ba. Yakubu ya binne ta a kogon Makfela wajen kakanninsa, can ya ce a kai shi shi ma, amma a kwanakinsa na ƙarshe mutuwar Rahila yake ambata da ciwo.

Abin da godiya ta yi, da abin da ba aikinta ba

Yabon ranar sunan Yahuza gaskiya ne, komawar da ta biyo baya ma gaskiya ce, kuma ɗaya bai soke ɗaya ba. Mai bi da ya taɓa samun hutun zuciya a wani taron addu'a, bayan wata biyu ya ga hoton sabuwar motar abokin karatunsa a Facebook cikinsa ya juya, ba munafuki ba ne. Abin da Bulus ya ce shi ne ya koyi wadar zuci, kuma abin da ake koya ana mantawa a sake bita. Bitrus, a safiyar da Yesu ya sake danƙa masa kiwon tumakinsa, juyawa ya yi ya ga Yahaya ya tambaya, wannan fa? Amsar da ya samu ita ce ina ruwansa, shi dai ya bi. In manzo ya bukaci a faɗa masa haka jim kaɗan bayan an gafarta masa musun da ya yi sau uku, babu wanda zai ce ya wuce wurin.

Abin lura a lamarin Lai'atu shi ne lokacin da ta zame. Ba ranar da aka ƙara mata wulakanci ba ne. Ranar da Rahila ta samu ne. Yabonta ya tsaya daram muddin ita kaɗai ce ke ƙirga. Wannan ya kamata ya sa mu binciki namu. Akwai godiyar da a ƙarƙashinta "na fi wance" ne kwance, kuma ba a gane ta sai ranar da wance ta kamo. Bafarisiyen da Yesu ya ba da misalinsa a Luka 18 da "na gode maka" ya buɗe addu'arsa, ya bi ta da nuna mai karɓar haraji.

Ikkilisiyoyinmu ba sa ɗaura auren mace ta biyu, amma da yawa cikinmu a irin gidan Yakubu muka tashi, kuma gasar ba ta bukatar kishiya. Faccala ta isa, maƙwabciyar benci a zumuntar mata ta isa. Har lokacin shaida da baikon godiya kan zama filinta. Iyali su fito da anko ana kiɗa, a ambaci abin da suka kawo, mai neman haihuwa shekara da shekaru tana zaune a baya tana tafi don kada a ce. Ba na cewa a daina godiya a fili, Zabura cike take da ita. Amma fasto da dattawa za su iya lura da irin shaidar da ake ba wa makarufo. In kullum ta samu ce, mota, haihuwa, ƙarin girma, jama'a za su koyi cewa yabo na wanda ya ci ne. Shaidar Lai'atu ta huɗu irin wadda ba a cika kira gaba ba ce: mijina bai canja ba, ina yabon Ubangiji.

Akwai kuma mata biyu da kusan kullum ake tsallakewa. Bilha da Zilfa sun haifi huɗu cikin kabilu 12, amma ko kalma ɗaya ba a rubuta daga bakinsu ba, 'ya'yan da suka haifa ma iyayen gijinsu ne suka raɗa musu suna. Gasar manya na ƙasa ne ke biyan kuɗinta: yarinyar riƙo, mai aiki, ɗan da ake duka don ɗan faccala ya zo na ɗaya a aji.

Daga ƙarshe, Littafi bai bar gyaran irin wannan gida a wuyan mata kaɗai ba. Da Shari'ar Musa ta zo, maza ta fuskanta. Littafin Firistoci 18:18 ya hana mutum ya auri ƙanwar matarsa ta zame mata kishiya tana da rai, wato ainihin abin da Laban ya ƙulla. Maimaitawar Shari'a 21:15-17 ta ce mai mata biyu, ɗaya yana so ɗaya ba ya so, ba shi da ikon ƙwace rabon ɗan fari daga ɗan wadda ba ya so ya ba ɗan mowarsa. Saboda haka idan mace ta kawo ƙara gaban dattawa cewa an mai da ita saniyar ware a gidanta, ko ɗa ya ce ubansa ya fifita ƙaninsa a fili, "yi haƙuri, ki gode wa Allah" rabin aikin ne. A koya mata yabon da bai dogara ga halin miji ba, wannan zai tsare ranta. Sannan a aika a kira mijin, a zaunar da shi, a tambaye shi yadda yake raba kuɗin cefane, da kuɗin makaranta, da lokacinsa, da kuma wace ce yake yabo a gaban wace.